Yadda Ake Zaga Tsohon Birnin Kano, Daga Dala Har Ƙofar Kabuga

Yawancin masu zuwa Kano don ganin wuraren tarihi kuskurensu iri ɗaya ne. Su shiga mota da hantsi, a tsaya da su a bakin wata ƙofa ta siminti su ɗauki hoto, a leƙa kasuwar Kurmi rana na tsakiyar ka, kafin la'asar sun gaji sun koma masauki suna cewa sun ga birni. Ba su gan shi ba. Cikin gari wuri ne da mutane ke kwana suna tashi, suna sana'a, suna salla, kuma kowane wuri a cikinsa yana da lokacin da ake samunsa a raye. Abin da ake buƙata kwana biyu ne, da ƙafa mai jure tafiya, da idon da zai iya raba ginin ƙasa na asali da wanda aka yi jiya aka shafa masa jan fenti.

Lokaci da shiri

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi daɗin yawo, sai dai a tsakiyar hunturu hazo kan rufe gari, wanda ya hau Dala a irin wannan rana ba zai hango komai ba sai fari. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, don haka duk abin da za a yi a ƙafa a gama shi kafin ƙarfe 11. A Agusta kuwa lunguna kan cika da ruwa da taɓo, musamman wajen Jakara.

Ranar Juma'a ba ranar zagaye ba ce. Tun kafin azahar ake toshe hanyoyin da ke kewaye da babban masallaci, ofisoshin gwamnati kuma su tashi da wuri. Asabar ɗin ƙarshen wata ma akwai tsaftar muhalli, ba a zirga-zirga da safe sai ƙarfe 10, wannan kuwa ya cinye maka mafi kyawun sa'o'in yini. Ka zaɓi Litinin zuwa Alhamis.

Ka bar motarka a masauki. Lungunan cikin gari ba don mota aka yi su ba, wurin ajiyewa kuma wahala ne. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano, saboda haka adaidaita sahu ce abin hawa. Ka yi jinga da mai ita tun kafin ka hau, ka faɗa masa wuraren da za a tsaya da tsawon jiran da zai yi, domin rigimar da aka fi yi da yamma ita ce ta kuɗin jira da ba a ambata da safe ba. Ka riƙe canji na ƙananan kuɗi, ba kowane dattijo a marina ko a kasuwa ke karɓar tiransifa ba. Takalmi ya zama mai sauƙin cirewa, don za ka cire shi sau da yawa. Mata su zo da mayafi ko hijabi. Waya kuma ta zauna a aljihun gaba, a fito da ita lokacin hoto kawai.

Ɗan jagora yana da amfani ƙwarai, amma a gidajen tarihi na Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa ake neman sa, inda akwai ma'aikatan da wannan ne aikinsu. Wanda ya tare ka a bakin hanya ya ce shi ya san ko'ina, galibi shagon ɗan'uwansa zai kai ka.

Dutsen Dala da sassafe

A nan ake farawa, kuma da an idar da sallar asuba gari ya fara haske. Dalili biyu ne. Na farko babu inuwa a saman dutsen, da rana ta ɗaga ba a iya tsayawa. Na biyu, daga can ne za ka ga shimfiɗar garin gaba ɗaya, ta yadda duk inda ka shiga daga baya ka san inda kake. Akwai matattakala ta siminti, mai lafiya zai kai sama cikin minti 10 zuwa 15, amma wasu matakan sun gutsure, a hau a hankali, tsofaffi kuma su huta a tsakiya.

Da ka kai sama ka nemi abu uku. Hasumiyoyi biyu da koriyar ƙubba ta babban masallaci, su ne alamar inda fada take. Goron Dutse, ɗan'uwan Dala, yana ɓangaren yamma. Sannan cunkoson rufin kwano da ke tsakaninka da masallaci, a cikinsa Kurmi take. Ka lura da kududdufan da suka rage nan da can: ramuka ne da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gina gidaje da ganuwa, daga baya suka zama matattarar ruwan sama. Cike su da ake yi ana gini a kai yana cikin abin da ke jawo ambaliya a unguwanni.

A gindin wannan dutse Kano ta fara. Maƙera masu narka tama ne suka fara zama, kuma kundin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Barbushe, shugaban mazauna dutsen, da gunkin Tsumburbura kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafa sarautarsa daga shekarar 999. Kada ka sa rai da ganin wani gini a sama, fili ne da duwatsu. Ranar Takutaha, mako guda bayan Mauludi, jama'a kan yi dafifi su hau dutsen. Abin kallo ne, amma ba ranar zuwa da ƙananan yara ba ce. Haka kuma ba a hawa Dala bayan magariba, ko mutum ɗan gari ne.

Marinar Ƙofar Mata

Daga Dala ka hau adaidaita zuwa Ƙofar Mata, ka isa wajen ƙarfe 8 da rabi. Marinar tana daf da ƙofar, kusa da Asibitin Murtala, kuma ana danganta kafuwarta da shekarar 1498. Da safe ne marina ke tsoma kaya, wanda ya zo da yamma ramuka a rufe zai tarar.

Ka yi sallama, ka gaida dattijon da ka fara gani, ka faɗi abin da ya kawo ka. Kada ka zarce tsakanin ramuka kai tsaye. Bakinsu daidai yake da ƙasa, zurfin wasu ya kai mita 6, gefensu kuma da santsi. Yara a riƙe musu hannu.

Abin da ke cikin ramin ruwa ne da toka da baba da katsi. Katsi shi ne laka da ke kwantawa a gindin tsohon rami, a kwaso ta a busar a ƙona, a sake amfani da ita. Ana barin haɗin ya ruɓa na kwanaki, ana motsa shi da doguwar sanda, har kumfa mai shuɗi ta taso ta tsaya a sama. Wannan kumfa da warin da ke tashi su ke nuna rami ya nuna. Idan toka ta yi kaɗan, baba ba zai saki launi ba. Idan rami ya tsufa, launinsa ya yi rauni, sai a yi ta tsomawa ba ya kamawa, a nan ake cewa ya mutu, a kwashe a sake sabo.

Ka tsaya ka kalli tsomawa ɗaya daga farko har ƙarshe, domin nan ne gwanintar take. Ƙyallen da aka ɗago daga rami ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore ne, sai iska ta buge shi sannan ya juya a gaban idonka. Shi ya sa marini ke tsomawa ya ɗago, ya tsoma ya ɗago. Yawan tsomawar ne ke kai launi daga shuɗi mai haske zuwa wanda ya kusa zama baƙi, ba daɗewar ƙyalle a cikin ruwa ba. Zanen da ake gani a jiki kuwa tun a gida mata ke ƙulle shi da zare, inda aka ɗaure rini ba ya shiga.

Daga nan ka tambayi inda masu bugu suke. Su ne ke ɗora ƙyalle a kan gungume su yi ta dukansa da tabaryar icce har ya kwanta ya yi ƙyalli. Irin wannan aiki ne ke fitar da turkuɗin da Buzaye ke naɗawa, kuma tufafin Kano da Baturen Jamus Heinrich Barth ya tarar a 1851 ana kai su har Tambutu da Tarabulus daga irin waɗannan ramuka suka fito.

In za ka saya, ka sani ba duk shuɗin da aka rataye ba ne rinin baba, akwai na garin rini na kanti. Na baba yana da ɗan warin rami, launinsa bai cika zama bai ɗaya ba, kuma in ka goga shi a farin ƙyalle zai bar shuɗi. Idan ka kai gida ka wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi, ba omo mai ƙarfi, ka shanya a inuwa. Zai zuba a wanki biyu ko uku na farko, wannan ba aibi ba ne. Ramuka da dama a wurin yanzu a bushe suke saboda kasuwa ta ja baya, don haka wanda ya tsayar da marini ya yi masa bayani na rabin awa, ya kamata ya sayi wani abu ko ya ba da na goro.

Masallaci da Gidan Rumfa

Hanyar da ta taso daga Ƙofar Mata ita za ta kai ka babban masallacin Juma'a, wanda ke arewa da fada daura da ƙofarta ta arewa, Ƙofar Fatalwa. Asalinsa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, amma ginin da ke tsaye yanzu na farkon shekarun 1950 ne, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, bayan an rushe na ƙasa. Ka shiga ka yi nafila. In kana tare da baƙon da ba Musulmi ba, ya tsaya daga harabar waje. Ba a hawa hasumiya sai da izinin masu kula da masallaci.

Sunan Rumfa zai yi ta maimaituwa a wannan yawo. Ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, kuma shi ya gina fadar, wadda ake kira Gidan Rumfa, ya kafa Kurmi, ya faɗaɗa ganuwa, ya kawo kakaki da figini da dawakin zage. A zamaninsa ne Shehu Magili, malami daga Arewacin Afirka, ya zo Kano, zuriyarsa kuma har yau suna unguwar Sharifai.

Ka zagaya zuwa Ƙofar Kudu, ita ce fuskar fada a yau, kuma Sarki Abdullahi Maje Karofi ne ya yi ta a ƙarni na 19. Filin da ke gabanta kowa na iya tsayawa. Shiga ciki kuwa wani abu ne daban, domin gida ne da iyali ke zaune a ciki, kuma wurin zaman fada ne. Mai son ganin soraye irin su Soron Ingila sai ya rubuta takarda zuwa ofishin masarauta kwanaki kafin zuwansa, ko ya bi ta hannun wani mai sarauta da ya sani. Zuwa bakin ƙofa a ce wa dogari a taimaka ba ya ɓullewa, kuma bai dace a matsa masa ba, umarni yake bi.

In an ba ka izini, ga abin da ake kiyayewa. Ana cire takalmi inda aka ce a cire. Ba a miƙa wa sarki ko hakimi hannu sai in shi ya miƙo, durƙusawa ake yi a ce Allah ya ja zamanin Sarki, ga hakimi kuma ranka ya daɗe. Dogarai ne za su amsa maka, ba sarki ba. Ba a ɗaukar hoton kowa sai an tambaya, ba a kuma leƙa ƙofar da ba a nuna maka ba. Tun 2024 akwai taƙaddamar sarauta da ta sa ake tsaurara tsaro a wasu lokuta, don haka ka tambayi halin da ake ciki a makon da za ka je, kuma ka bar ra'ayinka a kan maganar a gida.

Gidan Makama, inda ake koyon kallon gini

Tsallaken titi kaɗan daga Ƙofar Kudu Gidan Makama yake. A nan Rumfa ya zauna lokacin yana Makama kafin ya hau gadon sarauta. Da Turawa suka ci Kano a 1903 sun yi ofis a ciki, yanzu kuma wani sashe gidan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ana biyan kuɗin shiga, na kyamara daban, ka karɓi rasit. Akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da sulke da kwalkwali da lifidi, da kayan kiɗan fada, da hotunan sarakuna, da ɗakin amarya da jerenta.

Mutane kan bi kayan da ke cikin gilashi su manta da ginin kansa, alhali shi ne babban abin da aka ajiye. Ka ba shi awa ɗaya da rabi, rabin lokacin kuma kanka a sama.

Fara da bango. Da tubali aka yi shi, wato curin jar ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa aka mulmula da hannu, gindi faɗi kai tsini, aka busar a rana. Ana jera shi tsini sama, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bangon yana da kauri sosai a ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa, shi ya sa za ka ji sanyi da ka shiga ko da waje na ƙuna: kaurin ne ke riƙe zafin rana ba ya barinsa ya ratso sai dare. Ka dubi kaurin a bakin ƙofa, nan ne ake ganinsa sosai.

Sai rufi. Itacen da ka gani an jera shi azara ce, tsagin giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Matsalarta ita ce ba ta ɗaukar nauyin ƙasa in tazara ta wuce kimanin mita 2. Duk wata dabarar maginan Hausa daga wannan iyaka ta taso. In ana son ɗaki mai faɗi, sai a dasa ginshiƙi a tsakiya, ko a gicciya azara a kusurwoyi a rage tazara, ko a yi bakan gizo: a kafa azara a cikin bango ta leƙo, a ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, daga ɓangarorin biyu har su haɗu a sama, sannan a lulluɓe da ƙasa. Idan bakan gizo da yawa suka haɗu a tsakiyar ɗaki, su ne ke ɗaukar tulluwa, rufin nan mai tudu da ake hangowa daga waje. A wasu soraye za ka ga an manna tasa ko faranti a daidai mahaɗar.

Daga waje ka dubi zankwaye a kusurwoyin rufi, da rawanin da ya kewaye saman bango, da indararo. Indararo dogo ake yinsa da gangan, don ya jefa ruwa nesa da gindin bango. Shafen waje na da ana yinsa da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda katsin marina ke cikin haɗinsa. Ka ga ke nan marina da magina sana'arsu a haɗe take.

Wanda ya fahimci wannan zai gane dalilin da gine-ginen ƙasa ke faɗuwa. Ba tsufa ke kashe su ba, ruwa ne da rashin yaɓe. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, azara ta jiƙa ta ruɓe, rufi ya rufta. Ko ruwa ya riƙa taruwa a gindin bango yana cinsa har ya rasa abin tsayawa. Mafi ɓarna kuma shi ne shafen siminti a kan bangon ƙasa. Siminti ba ya barin danshi ya fita, ba ya kuma motsi tare da ƙasa, sai ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya maƙale a ciki. Daga waje bango lafiya lau, ranar da ɓawon ya ɓalle sai a ga ciki ya zama gari. In ka ƙwanƙwasa irin wannan bango a hankali za ka ji yana amsawa kamar ƙwarya.

Da wannan ido za ka raba na asali da na kwaikwayo a duk inda ka je. Ginin ƙasa kusurwarsa a lanƙwashe take, fuskarsa ba ta miƙe sak ba, kuma sau da yawa ana ganin sawun yatsun mai yaɓe. Na siminti kusurwa kaifi, zankwaye duk girma ɗaya.

Kurmi bayan azahar

Ka yi salla, ka ci abinci, ka huta. Gurasa da ake yi a wajen Jakara ta isa abincin rana, ko bandashe ko da tsire. Sannan ka shiga Kurmi, wadda ba ta cika sai rana ta yi sosai.

Rumfunan da ke ciki ba na zamanin Rumfa ba ne, an sake gina kasuwar a farkon mulkin Turawa kuma an yi ta gyara tun daga nan. Abin da ya tsufa shi ne wurin da tsarin: kowace sana'a da layinta. Nan ayarin raƙuma daga garuruwan Sahara irin su Agadas da Gat ke sauke gishiri da kayan Larabawa, nan fataken Gwanja ke kawo goro daga ƙasar da yanzu take cikin Gana. An kuma sayar da bayi a wannan kasuwa, masu jagora na gari ba sa ɓoye wannan.

Layukan ƙanana ne kuma sun yi kama da juna, ɓata ba wuya. Ka riƙe sunan bakin da ka shigo, in ka rikice ka tambayi mai rumfa, ba mai wucewa ba. Layin da ya fi cancantar lokacinka shi ne na kayan doki: sirdi, linzami, likkafa, jalala, da sauran adon da za ka gani a hawan salla. Sai 'yan littattafai, inda ake samun allo da tawada da gafaka da bugun ajami. Sai dukawa da 'yan turare da masu ƙwarya da 'yan koli.

A kayan fata ana yawan cutuwa. Fatar da aka jeme da bagaruwa tana da wari nata, bayanta da ɗan gashi-gashi, in ka lanƙwasa ta tana yin tamoji ta koma. Ta roba bayanta ƙyalle ne, gefenta kuma kamar an yanka leda. Wajen ciniki, ka gaisa tukuna, ka tambayi kuɗi a rumfa biyu ko uku kafin ka taya. In an ce albarka ka ƙara ko ka yi gaba. Amma in ka taya aka sallama, ka saya, janyewa bayan an sallama abin kunya ne. Ka fito kafin magariba.

In da sauran ƙarfi, Madabo ba nisa. Unguwar malamai ce da ake dangantawa da Wangarawan da suka zo daga Mali, kuma masallacinta na cikin mafi daɗewa a gari.

Rana ta biyu: ganuwa da ƙofofi

Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ganuwa. Rumfa ya faɗaɗa ta, aka sake faɗaɗawa a ƙarni na 17 zamanin Muhammadu Nazaki. A 2007 aka sa ta tare da Dala da Kurmi da fada a jerin wuraren da Nijeriya ke neman UNESCO ta amince da su. Gaskiyar magana ita ce mafi yawanta ta tafi. An ɗebi ƙasarta an yi gini, an yanka filaye a kanta, ruwa ya cinye saura.

Abin da ya rage an fi ganinsa a titin Jami'ar Bayero. Ka ɗauki adaidaita daga Ƙofar Nasarawa ka yi yamma: Sabuwar Ƙofa, Ɗan'agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Famfo, Dukawuya, Kabuga. In ka ci gaba da zagayawa ta arewa za ka bi Kansakali, Waika, Dawanau, Ƙofar Ruwa, Mazugal, Wambai, ka dawo Ƙofar Mata. Yawancin ƙofofin da ke kan manyan tituna an rushe su don faɗaɗa hanya an sake yin su da siminti, kamar yadda aka yi wa Ƙofar Na'isa a 2010. Saboda haka kada ka tsaya a kan babbar ƙofa kawai. Ka sauka ka duba gefe, ka tambayi mutanen unguwa ko akwai tsohuwar ƙofa ko guntun badala a kusa, ka kuma tambayi gidan Sarkin Ƙofa, domin ƙofofin suna da masu riƙe da sarautarsu, kuma su ne suka fi kowa sanin inda tsohon gini ya tsaya.

Tsohuwar ƙofa ƙunci gare ta, daidai wucewar raƙumi da kaya ko mahayi, da dogon zaure mai duhu da gurbin ƙyaure. An yi ta haka ne don mutum kaɗan su iya tare mutum da yawa. A Kabuga ka daɗe kaɗan: ta wannan ɓangare sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa suka shiga ranar 3 ga Fabrairu 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato.

Kada ka hau kan badala don hoto. Kowace ƙafa tana zubar da ƙasa, kuma inda ruwa ya rarake ta ciki tana iya rufta da mutum. Wasu sassan sun zama juji ko maɓoyar ɓata-gari, don haka da safe ake zuwa, kuma ba mutum ɗaya ba.

Kafin ofisoshi su tashi ka koma Nasarawa, wajen ganuwa, ka ga Gidan Ɗan Hausa. Nan Bature Hanns Vischer, mai laƙabin Ɗan Hausa, ya zauna, wanda ya buɗe makarantar boko ta gwamnati ta farko a Arewa a 1909, yanzu kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano ce ke ciki. Bene ne na ƙasa, kuma wuri ne mai kyau na gwada abin da ka koya a Gidan Makama, musamman zanen da ke fuskar bango da yadda aka ɗora hawa na biyu a kan azara. Mai sha'awar tarihin siyasa ya ƙarasa Gwammaja ya ga Gidan Mumbayya, gidan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, yanzu yana hannun Jami'ar Bayero.

In zuwanka ya dace da salla

Ranar salla sarki kan je filin Idi na Ƙofar Mata. Washegari da la'asar Hawan Daushe, wanda ke ƙarewa a Ƙofar Kudu da jafi. Rana ta uku da safe Hawan Nasarawa, daga baya kuma Hawan Ɗorayi ko Hawan Fanisau. A Disamba 2024 UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin al'adun duniya da ake karewa, amma a 'yan shekarun nan an sha dakatar da shi saboda tsaro, wani lokaci ana saura kwana ɗaya ko biyu. Ka saurari sanarwar masarauta da ta 'yan sanda a rediyo kafin ka biya kuɗin mota.

In za a yi, Hawan Daushe ne ya fi cika. Ka isa Ƙofar Kudu tun bayan azahar, da ruwan sha da hula, ka nemi wuri mai tudu ko bayan shinge. Kada ka tsaya a bakin layin da dawaki ke sukuwa, ko a bayan doki, ko kusa da 'yan bindiga, domin ƙarar bindigar kan firgita dawaki su yi cikin mutane. Da sarki ya shige gida kowa ke neman fita lokaci guda, a nan ake turereniya da yankan aljihu. Ka dakata inda kake minti 20 ko 30 har hanya ta sarara, sannan ka bi ta Ƙofar Nasarawa ka nemi abin hawa a wajen ganuwa.